Kunya ko Sakaci? Magana Kan Maigida Idan Iyalinsa Na Da Juna Biyu

  

Kowa ya san yadda ake raɗin suna a wurinmu. Da an idar da sallar asuba sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a raba goro da dabino, a yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi suna, mahauta su kama rago. Angon ƙarni na zaune cikin sabuwar shadda, kowa ya zo sai ya ba shi hannu, Allah ya raya, Allah ya ɗayyaba. Wannan rana ta bakwai mun iya ta, ba mai koya mana. Amma wata taran da suka gabace ta fa? Wa ya taɓa zaunar da yaron nan ya ce masa, wane, ga abin da ke gabanka, ga abin da za ka lura da shi, ga inda za ka nufa idan dare ya yi? Galibi babu. Ubansa na jin nauyinsa, abokansa sai zolaya, mu malamai kuma aikinmu sai ranar addu'a.

Abin mamaki shi ne, wannan mutumin da ba a gaya wa komai shi aka damƙa wa mabuɗi. Matarsa ba ta fita zuwa awo sai da izininsa. Kuɗin mota da na magani daga aljihunsa za su fito. In haihuwa ta zo da gardama aka ce sai an yi aiki, shi za a nema ya sa hannu, in aka ce a nemo jini shi za a duba. Izini, kuɗi, sa hannu, duk suna wurinsa, ilimin abin kuwa an bar shi can cikin gida wurin tsofaffin mata. Tambayar da muke son mu yi wa kanmu ita ce: adalci ne a ɗora wa mutum hukunci a kan rai biyu, sannan a hana shi sanin abin da zai yi hukuncin da shi? Kuma wannan shirun da muke kira kunya, kunyar ce ta gaskiya, ko sakaci ne ya ari rigarta?

Maganar ba ƙarama ba ce. Babban binciken lafiya da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna cewa a duk haihuwa 100,000, mata 512 ke rasuwa, kuma haihuwa 39 kacal cikin 100 ake yi a asibiti. Mu ba sai an kawo mana lissafi ba, kowa cikinmu ya taɓa bin gawar mai jego zuwa maƙabarta, ya dawo ya tarar ana neman wadda za ta shayar da jariri. Masana da suka yi nazarin abin tun 1994 sun ce jinkiri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. To ku duba da kyau. Na farko da na biyu a hannun wa suke? A hannun maigida. Na ukun ma yana da hannu a ciki, tunda in babu jini babu sa hannu, likita tsayawa zai yi. Zubar jini bayan haihuwa kan iya ɗauke mace cikin awa biyu. Awa biyun nan a gidajenmu wani lokaci ba ta isa a gama shawarar wa zai je ya taso maigidan ba.

Kada wani ya ce muna rena kunya. Kunya reshe ce ta imani, kuma ita ce adon Bahaushe duk inda ya sauka. Muna da kunyar ɗan fari, uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa gaban manya. Muna da kunyar surukai, yarinya ta tafi goyon ciki gidansu, mijin ya zo sai ya tsaya a zaure ya aika da gaisuwa. Waɗannan al'adu suna da hikimarsu, suna koya wa yaro cewa ɗa na dangi ne, ba abin taƙama ba ne. Amma kunyar da addini ya yaba ita ce wadda ke hana mutum aikata mummuna. Wadda ke hana shi sauke wajibi kuwa wani suna gare ta daban. Nana A'isha ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba, har abubuwan da suka shafi jinin mata.

Ga misalin da ya fi ƙarfi. A cikin sahabbai ba wanda aka sani da kunya kamar Sayyidina Usman ɗan Affan. Amma da za a fita yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, matarsa Nana Ruƙayya tana kwance ba lafiya, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya zauna ya yi jinyarta, kuma aka ba shi kason ganima da ladan waɗanda suka halarta. Ku duba fa, Badar ce, ranar da Musulmi ɗari uku da 'yan kai suke bukatar kowane hannu. Duk da haka aka ce jinyar mata ta isa uzuri. Wanda ya fi kowa kunya shi ya zauna gefen matarsa. To mu wace kunya ce gare mu da ta wuce tasa, har ta hana mu raka iyali awo sau ɗaya?

Wani zai ce, malam, mutuwa ai ajali ce, kakanninmu a bayan ɗaki suka haihu. Gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma Sayyidina Umar da ya ji labarin annoba a Sham juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ba ɗan kasuwar da zai bar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce ya yi tawakkali. Kwaɗo biyu muke sawa, mu biya maigadi, sannan mu ce Allah ya tsare. Me ya sa sai a kan ran mace muke tuna tawakkali? Kakannin namu kuwa, masu ba da labarin su ne waɗanda suka rayu. A tambayi tsofaffinmu mata nawa suka sani da suka tafi wurin haihuwa, za ku ji lissafi.

Ba cewa muke namiji ya kutsa ɗakin haihuwa ba. Wannan wurin mata ne da ma'aikata, kuma asibitocinmu ɗaki ɗaya ne ga mata da yawa, shigar namiji keta haddin matan wasu ne. Abin da ake nema wurinsa kaɗan ne. Ya sa a fara awo da wuri, kada a bari sai ciki ya tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya da can sau 4 take cewa, tun 2016 ta mayar da shi sau 8. Ya san watan haihuwa. Ya san rukunin jinin matarsa, ya san su wa za su iya ba ta cikin dangi da abokai. Ya san alamun da ba a kwana da su: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba tare da naƙuda ba, ɗa ya daina motsi, naƙudar da ta kwana ta wuni, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa. Jijjigar mai ciki hawan jini ke kawo ta, a yi addu'a a cikin mota ana tafiya, kada a tsaya hayaƙi. Doguwar naƙuda kuwa ita ke jawo yoyon fitsari, wanda ya kai mata da yawa jinya Babbar Ruga a Katsina ko Jos, wasu ma daga can sai takardar saki. Sannan, mu da muke fatauci, yau Kaciya gobe Kwoi jibi Kano, kowa ya bar izini a buɗe kafin ya fita, ya faɗa gaban uwarsa da maƙwabcinsa: in abu ya taso a tafi da ita, kada a jira ni. Wannan kalma ɗaya ta ceci rayuka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu zo kan kuɗi, inda gizo ke saƙa. Yaro zai yi wata shida yana tara kuɗin rago, da atamfar fitar suna, da kayan kauri, da itacen wanka, amma bai ajiye ko sisi don asibiti ba. Saboda me? Saboda rago kowa zai gani, kuɗin jini ba mai gani. Alhali a littattafan da muka karanta a zaure, Risala da sauransu, yankan suna ba farilla ba ne, wanda bai samu iko ba babu zunubi a kansa. Ciyar da mace da tufatar da ita kuwa wajibi ne, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora shi kan uban abin haihuwa. A Suratuɗ Ɗalaƙ har wadda aka saka in tana da ciki an ce a ci gaba da ciyar da ita sai ta haihu. Muhtasar na Shehu Halil, da yake lissafa abin da ke kan miji, ya ambaci ladan ungozoma tare da ruwa da itace da gishiri. Ashe tun ƙarnoni malamanmu na Malikiyya sun sa kuɗin mai karɓar haihuwa cikin hakkin aure. Wanda ya ci bashi ya sayi babban rago, matarsa kuwa ba ta samu ƙwai da hanta da maganin ƙarin jini ba, ya bar farilla ya kama nafila. Mu kuma masu zuwa suna muna auna girman rago da ido, muna da kaso a cikin laifin, don tsoron bakinmu ne ya kai shi.

Sai dai kada mu mayar da maganar duka zargi. Shi ma angon ƙarni abin tausayi ne. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin mota ya ninka, a shekarar kuma cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, manomi ya yi asara, dillali ya yi asara, mai ɗaukar buhu ya rasa aiki. Yaro ɗan shekara 25 yana kwana da lissafi: haya, abinci, awo, suna, ga tsoron kada matar ta mutu, ga surukai na jiran su ga ƙoƙarinsa. Ba shi da wanda zai faɗa wa, don an koya masa namiji ba ya kuka. Sai ka ga ya daina zaman gida, yana teburin mai shayi har sha biyun dare, ko ya riƙa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, wani ma ya faɗa shaye-shaye. Mu ce ya lalace, alhali tsoro ne ke cinsa. Likitoci a ƙasashen waje sun gano cewa kusan uba ɗaya cikin goma kan shiga ciwon damuwa tsakanin ɗaukar ciki da shekarar farko ta haihuwa. Mace in ta haihu tana da uwa, da gwaggo, da ungozoma, da 'yan barka har kwana arba'in. Shi wa yake da shi? Gwamnatin Tarayya a 2021 ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Mai tireda da ɗan acaba da mahauci ba mai ba su hutu, ranar da ba su fita ba ba a ɗora tukunya. Hutunsu sai dai mu mu ba su: maƙwabcin rumfa ya tsare masa kaya kwana biyu, mai binsa bashi ya ɗaga masa ƙafa wata guda, dattijo ya kira shi gefe ya ce yaya kake ciki.

Yanzu ma'aikatan lafiya. Mun san ƙorafin da ake yi a ko'ina: ana yi wa mata tsawa, ana korar maza kamar ɓarayi, ba a yi wa mutum bayani sai a miƙo masa takarda a ce sa hannu. Akwai gaskiya a ciki, kuma muna roƙon malaman asibiti, don Allah in namiji ya rako matarsa kada a mayar da shi abin dariya. A ba shi kujera, a yi masa bayani da Hausar da zai gane, minti biyar sun isa. Wanda aka wulaƙanta yau ba zai dawo ba, kuma zai hana goma zuwa. Amma mu ma mu auna da mudun da muke so a auna mana. Nas ɗaya ce kan kwana da masu naƙuda da yawa, wani lokaci da fitilar waya. Sai mu kawo mata mace bayan ta kwana biyu tana wahala a gida, an ɗura mata jiƙe-jiƙe, jini ya ƙare, in Allah ya karɓi abarsa mu ce asibiti ne suka kashe ta. Wannan zalunci ne. Wadda ta tsaya cikin jini da dare don ta ceci iyalinka ta cancanci sannu da na gode, ko da albashi ake biyanta, kamar yadda ake gode wa liman ko da an ba shi sadaka.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman mu mazauna nan. Yawancin masu karɓar haihuwar matanmu, daga ƙananan asibitocin Madakiya da kewaye har babban asibitin Kafanchan mai sunan marigayi Gwamna Yakowa, 'ya'yan maƙwabtanmu ne, Bajju da Atyap da Kagoro da sauransu, kuma galibi Kiristoci ne. Mun ga 1987, mun ga 2011, mun san abin da dokar hana fita take nufi ga gidan da ake naƙuda. Duk da abin da ya faru tsakanin al'ummomin nan, hannun 'yar Bajju ne ya fara taɓa da yawa cikin yaran da ke karatu a Islamiyyarmu yau. Wannan amana ce da siyasa ba ta kai ga rusawa ba, bai kamata bakinmu ya rusa ta ba. Maigidan da ya san ma'aikaciyar da sunanta, suna gaisawa tun lokacin awo, yana da lambar da zai kira ƙarfe biyun dare, ya fi wanda sai ranar tashin hankali za su fara ganin juna. In kuma muna ƙorafin ba ma son namiji ya duba matanmu, larura dai ta halatta, amma maganin na dindindin yana hannunmu: ga kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma nan Kafanchan, tafiyar acaba. 'Ya'yanmu mata nawa ne a ciki? Aikin nan farilla ce ta kifaya, in babu mai yi a cikinmu duk muna da alhaki. Rufaida Al-Aslamiyya a masallacin Annabi aka kafa mata tanti tana jinyar masu rauni.

Ungozomominmu na gida su ma iyayenmu ne, ba a yar da su. Su ke wankan jariri, su ke kwana da mai jego, su mace ke faɗa wa abin da ba za ta faɗa wa kowa ba. Ungozomar kirki ita ce wadda ta san iyakarta, ta ce wannan ya fi ƙarfina, a tafi. Maigida ya saurare ta a lokacin, kuma ya biya ta hakkinta cikakke ko da a asibiti aka ƙarasa haihuwar, don kada tsoron rasa ladanta ya sa ta riƙe mace. Haka batun wankan jego. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da kwanciya kan gado mai wuta da ruwa mai tsananin zafi. Yaro ba zai iya fuskantar surukarsa da wannan magana ba, kuma bai kamata a sa shi ba. Dattawa da malamai su za su faɗa a wurin wa'azin mata, a sassauta ruwan, a rage kanwar, mai kumburi ko haki a kai ta a duba.

Wasu sun riga mu gwada gyara. A jihar Damagaram ta Nijar an kafa abin da suke kira makarantar mazaje, da taimakon asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a. Magidanta masu mutunci kan zauna lokaci-lokaci tare da ma'aikatan lafiya, su tattauna matsalar garinsu, su fita su yi wa 'yan uwansu maza magana, har abin ya bazu zuwa sauran jihohin ƙasar. A wasu jihohin arewacin Najeriya kuma direbobin ƙungiyar NURTW sun karɓi horo don kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Hausawa ne irinmu, Musulmi ne irinmu, rawaninsu bai faɗi ba.

Mu nan ba sai mun jira wata ƙungiya ta zo da mota mai tambari ba. Muna da masallaci, muna da adashi, muna da masu mota da keke napep. Abin da muke ba da shawara shi ne, sau ɗaya a wata bayan sallar isha'i a zauna da samarin da suka yi aure cikin shekara biyun nan, a gayyato ma'aikacin lafiya, liman ya faɗi na addini shi ya faɗi na asibiti, a bar yara su yi tambaya ba dariya. A rubuta sunayen masu abin hawa uku da suka yarda a tashe su da dare, a manna a bangon masallaci. Matasa su je a gwada jininsu, mu san wa ke da wane iri. A buɗe asusu, kowane mai shago ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa ranar Juma'a, a ranta wa wanda haihuwa ta zo masa da aiki, ya biya a hankali. Kuma idan muka ji an yi wa wani haihuwa, kafin mu tambayi yaushe ne suna, mu tambayi jikin mai jego, mu tambaye shi shi ma ko ya samu barci.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa, ya saka wa masu karɓar haihuwa da alheri, ya ba magidantanmu abin da za su riƙe iyalinsu da shi ta hanyar halal. Allah ya zaunar da yankinmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.